Tuƙa Layin I2C Da Hannunka: Rajistar Sarrafawa Da Rajistar Hali A ATmega328P

Ka haɗa agogon DS3231 da allon Arduino Uno da wayoyi huɗu: wuta, ƙasa, da wayoyi biyu na layin I2C da na'urori ke magana da juna a kansu, wato SDA mai ɗaukar bayanai da SCL mai bugun agogo. Ka ɗora shirinka, fitilar allo ta kama, sai shiru. Ka ɗauko mita ka dangwala a ƙafar A5, wadda ita ce SCL, ka ga sifili, ko gezau ba ya yi. A nan ne mutum yakan fara zargin waya, ya cire ya mayar, ya sauya cif, ya sake ɗora shirin nan dai da bai yi aiki ba. Alhali sau da yawa babu abin da ya lalace. Cif ɗin Uno ɗin ne da kansa, wato ATmega328P, ya danne SCL ƙasa yana jiran umarni na gaba, kuma ya riga ya rubuta maka dalilinsa a wata rajista da ba ka leƙa ba.

Kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro I2C a 1982, kuma NXP, wanda ya fita daga Philips a 2006, shi ke riƙe da ƙa'idojin layin yanzu. Atmel, wanda ya ƙera ATmega328P kafin Microchip ya saye shi a 2016, ya raɗa wa nasa sashen suna TWI. Suna ne kawai ya bambanta, shi ya sa za ka ga duk rajistocin sun fara da TW.

Rajistoci shida, amma biyu ke jan ragama

Sashen TWI yana da rajistoci shida jere da juna, daga adireshin 0xB8 zuwa 0xBD, kowacce bit takwas. TWBR tana tsara saurin layi. TWDR ita ce inda kake ajiye bayit ɗin da za a aika, kuma nan kake ɗaukar wanda ya iso. TWAR da TWAMR ba sa aiki sai in cif ɗinka ne mabiyi, wato wani ke kiransa, don haka ba za mu taɓa su ba. Saura biyu: TWCR, rajistar sarrafawa, a 0xBC, da TWSR, rajistar hali, a 0xB9. Ta farko bakinka ce, ta biyu kunnenka.

Sai dai rabon bai fita tsaf ba, kuma gara ka san haka tun da wuri. Tutar da ta fi kowacce muhimmanci wajen sanin halin da layi ke ciki, TWINT, tana zaune ne a rajistar sarrafawa. Su kuma bit biyu na ƙasan rajistar hali, TWPS1 da TWPS0, ba hali suke bayyanawa ba, saiti ne na sauri da kai kake rubutawa. Da yawa cikin kura-kuran da ake tafkawa a wannan sashe daga wannan cakuɗar suke fitowa.

Rajista kuma ba ma'ajiya ba ce irin ta RAM, inda abin da ka ajiye shi za ka tarar. Bayanta akwai da'irar lantarki da ke sauya ta ba da saninka ba, kuma rubuta mata abu aiki ne, ba ajiya ba. Saboda haka aka ayyana su da kalmar `volatile` a fayil ɗin `avr/io.h`, don kada kwamfaila ya karanta sau ɗaya ya ɗauka amsar ba za ta canza ba. In wata rana ka rubuta adireshin rajista da kanka a wani cif, kada ka manta da kalmar nan.

Abin da ke cikin TWCR

Daga sama zuwa ƙasa: bit na 7 TWINT, na 6 TWEA, na 5 TWSTA, na 4 TWSTO, na 3 TWWC, na 2 TWEN, na 1 ba a amfani da shi, na 0 TWIE.

TWEN ke kunna sashen ya karɓe ƙafafun PC4 da PC5, waɗanda su ne A4 da A5 a allon Uno. TWSTA na neman a fitar da START, siginar fara magana a layi, TWSTO na neman STOP, siginar gama ta. TWEA na cewa in mun karɓi bayit, mu amsa da ACK, wato alamar an karɓa. TWIE na ba da izinin katsewa, wato sashen ya katse babban shiri don a saurare shi. TWWC tutar ƙorafi ce, tana tashi idan ka rubuta TWDR alhali sashen yana tsakiyar aiki, kuma abin da ka rubuta ɗin ba ya shiga.

TWINT ce ke buƙatar a zauna a kanta. Duk sa'ad da sashen ya gama aiki guda, ko fitar da START ne, ko aika adireshi, ko karɓar bayit, sai ya ɗaga wannan tuta ta koma 1, ya danne SCL ƙasa, ya tsaya cak. Ba zai sake motsi ba sai ka sauke tutar. Sifilin da mitarka ta nuna a A5 ke nan. Yadda ake sauke ta shi ne abin da ke rikita sabon shiga: 1 ake rubuta mata, ba 0 ba. In ka rubuta 0, ko kallonka ba ta yi.

Da farko abin kamar wasa da hankali, amma akwai hikima a ciki. Tunda rajista ɗaya ta haɗa tuta da saiti, dole a samu hanyar sauya saiti ba tare da an taɓa tuta ba. Da 0 ke sauke ta, da duk rubutun da ya zo da 0 a wannan gurbi zai iya shafe tutar da ta tashi ɗazu-ɗazu, tun ba ka gan ta ba. Da aka ce 1 ke saukewa, sai 0 ya zama ma'anarsa "bar ta yadda take".

Abu na biyu da za ka riƙe: sauke TWINT shi ne harba aiki na gaba. Ba share allo kake yi ba, kunna mota kake yi. Don haka duk abin da za ka yi da TWDR da TWSR, ka gama shi kafin ka sauke ta. Ka karanta hali tukuna, ka ɗauki bayit ko ka ajiye bayit, sannan ka rubuta TWCR.

Daga nan ne tarkon `|=` ke fitowa. Wanda ya saba kunna fitila da `PORTB |= ...` hannunsa zai rubuta wannan ba tare da tunani ba:

```c
TWCR |= (1 << TWEA);
```

Dubi abin da layin nan ke yi a zahiri. Ya karanta TWCR, ya tarar TWINT tana 1 saboda sashen yana jira. Ya ƙara TWEA. Ya mayar da duka, har da wancan 1 ɗin. Tuta ta sauka, sashen ya kama aiki, kai kuwa ba ka ko ajiye bayit ɗinka ba tukuna. Ni ma na taɓa cinye yamma guda a kan irin wannan layi. Alamar da nake gani ita ce ƙimar da nake karantawa kullum tana zamewa da gurbi ɗaya, minti yana fitowa a wurin sakan, ni kuma ina ta laluben kuskure a lissafina. Maganin ba shi da wuya: TWCR da `=` ake rubuta ta, gaba ɗayanta, kowane lokaci. Jumloli huɗu ne ma kawai kake buƙata a matsayin shugaban layi, wato mai kiran sauran na'urori, har za ka iya haddace su da lambobinsu. 0xA4 fitar da START, 0x84 aika bayit ko karɓa ba tare da ACK ba, 0xC4 karɓa da ACK, 0x94 fitar da STOP.

Mataki na farko: wayoyi kafin shiri

A layin I2C babu na'urar da ke tura wuta sama. Kowacce ja ƙasa kawai take iyawa, ko ta saki. Abin da ke ɗaga layin zuwa sama resisto ne guda biyu, ɗaya daga SDA zuwa wuta, ɗaya daga SCL zuwa wuta. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, kunna allon ka auna ƙafafun biyu. Dole kowacce ta nuna kusan bolt 5, ko 3.3 in da shi kake aiki. In ba haka ba, tsaya nan ka gyara, don babu rajistar da za ta cece ka.

An saba sa kilo'om 4.7, kuma yana da dalili. Ƙa'idar layin ta ce a saurin kilohaz 100 kada tashin sigina ya wuce nanosakan 1000, a kilohaz 400 kuma kada ya wuce 300. Lokacin tashin kusan 0.85 ne sau resisto sau kafasitans ɗin layi. Ɗauki layi mai fikofarad 100: da kilo'om 4.7 za ka samu kusan nanosakan 400. Ya wadatar a 100, ya gaza a 400. Resisto na cikin cif ɗin kuwa tsakanin kilo'om 20 zuwa 50 suke, sun yi rauni ƙwarai, ko da yake a gajeriyar waya sukan yi aiki har su yaudare ka. Ta ɗaya gefen ma akwai iyaka. Ƙa'ida ta ɗora wa kowace na'ura jan miliamfiya 3, wanda a bolt 5 ke nufin kada jimillar resisto ta sauka ƙasa da kusan kilo'om 1.5. Ƙananan allunan da ake sayarwa a haɗe sukan zo da nasu resisto. In ka jera uku masu 4.7, ka riga ka sauko kusan 1.6 ba ka sani ba.

Mataki na biyu: sauri da kunnawa

Saurin SCL shi ne saurin agogon cif a raba da 16 + 2 × TWBR × mai rabawa. Mai rabawar daga TWPS yake fitowa, 1 ko 4 ko 16 ko 64. A Uno agogo megahaz 16 ne. Kana son kilohaz 100, to kana neman 160 a ƙasa: cire 16, saura 144, raba biyu, 72. Don kilohaz 400, TWBR 12 ne. In allonka megahaz 8 ne, 32 ke ba da kilohaz 100, kuma in ka kwafo 72 daga wani wuri layin zai yi tafiya a kilohaz 50, ba zai yi maka ƙorafi ba.

```c
void twi_shirya(void) {
    PRR &= ~(1 << PRTWI);   // kada sashen ya kasance a kashe
    TWSR = 0;               // mai rabawa 1
    TWBR = 72;              // kilohaz 100 a kan megahaz 16
    TWCR = (1 << TWEN);
}
```

Layin PRR ɗin nan da wuya ya zama dole, tunda cif yana tashi da shi a sifili. Amma in wani sashe na shirinka yana kashe abubuwa don tattalin batir, ƙila ya tsayar da agogon TWI, sai ka yi ta rubuta rajistoci babu mai amsawa.

Ka fara da 100. Sai komai ya tsaya da ƙafafunsa ka ƙara sauri.

Mataki na uku: jira mai iyaka, da karanta hali

Bayan kowane umarni abu biyu ake yi, a jira TWINT ta tashi, a karanta TWSR. Misalan da ake yawo da su sukan rubuta jiran a matsayin `while` marar ƙarshe. Kada ka bi su. Waya ɗaya ta zare, shirinka ya daskare har abada, kuma in na'urar tana kula da famfo ko injin ne, daskarewar ba abin dariya ba ce.

```c
uint8_t twi_jira(void) {
    uint16_t n = 0;
    while (!(TWCR & (1 << TWINT))) {
        if (++n == 0) return 0xF8;   // jira ya yi yawa
    }
    return TWSR & 0xF8;
}
```

Bayit guda da amsarsa bugu tara ne na agogo, wato maikurosakan 90 a kilohaz 100. Ƙirgen nan kuwa sai ya zagaya sau 65,536 kafin ya haƙura, ya ba da sarari har ga na'urar da ke riƙe SCL don ta samu numfashi, abin da ƙa'ida ta halatta mata.

Lura da `& 0xF8`. Lambar hali tana cikin bit biyar na sama ne kawai, na ƙasa na mai rabawa ne. Muddin mai rabawa 1 ne, waɗannan bit sifili ne, kuma shirin da ya manta da abin rufewar zai yi aiki lafiya lau. Ranar da ka rage sauri ka sa TWPS ya zama 1, sai 0x08 ya koma 0x09, duk gwaje-gwajenka su faɗi a lokaci guda. Zaɓen 0xF8 a matsayin alamar gajiya da jira shi ma ba kame-kame ba ne, don a wurin cif ɗin kansa 0xF8 na nufin babu wani sabon bayani, TWINT ba ta tashi ba.

Mataki na huɗu: START da adireshi

```c
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWSTA) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x08) goto kuskure;

TWDR = (0x68 << 1) | 0;
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x18) goto kuskure;
```

0x08 na nufin START ya fita. TWSTA ba ya sauka da kansa, kai za ka sauke shi, kuma rubutun TWCR na biyu ya yi wannan aikin tunda bai ambace shi ba. Da `|=` ka yi amfani, da TWSTA yana nan, cif ya yi ta maimaita START maimakon ya aika adireshi.

Adireshin I2C bit bakwai ne, bit na takwas kuma ke faɗin alkibla, 0 rubutawa, 1 karantawa. Adireshin DS3231 0x68 ne, don haka abin da ke hawa waya 0xD0 ne wajen rubutu, 0xD1 wajen karatu. Wasu takardun bayanai bit bakwai suke bayarwa, wasu kuma su ba ka wanda aka riga aka tura hagu, ba tare da sun faɗa ba. In ka zuba 0x68 kai tsaye a TWDR, na'ura mai adireshin 0x34 ka kira, babu kowa a can, sai ka samu 0x20 maimakon 0x18.

Wannan 0x20 ɗin abokinka ne. Yana cewa agogo ya buga sau tara, adireshi ya fita, amma ba wanda ya ja SDA ƙasa a bugu na tara. Da shi ake gina shirin laluben layi: ka bi adireshi daga 0x08 zuwa 0x77, kowanne ka yi START, ka aika, ka duba, ka yi STOP, ka rubuta waɗanda suka ba da 0x18. Shi nake fara ɗorawa a duk sabon haɗi. Allon SSD1306 yakan bayyana a 0x3C, ma'ajiyar 24LC256 a 0x50 in ƙafafun adireshinta suna ƙasa. A nan ne ma za ka gane rigimar da ke tasowa in ka haɗa DS3231 da MPU6050 a layi guda: dukansu 0x68 suke amsawa, sai ka ɗaga ƙafar AD0 ta MPU6050 ya koma 0x69.

Mataki na biyar: rubuta, juya, karanta

Yawancin na'urorin I2C su ma rajistoci gare su a ciki, da ɗan manuni da ke nuna wadda ake magana a kai. Kafin ka karanta sai ka fara rubuta lambar rajistar da kake so. A DS3231 sakan yana 0x00, minti 0x01, awa 0x02, kuma manunin yana matsawa gaba da kansa bayan kowane bayit.

```c
TWDR = 0x00;
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x28) goto kuskure;

TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWSTA) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x10) goto kuskure;

TWDR = (0x68 << 1) | 1;
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x40) goto kuskure;
```

START na biyu bai biyo bayan STOP ba, shi ya sa lambarsa 0x10 ce, ba 0x08 ba. Umarnin iri ɗaya ne, amsar ce daban, kuma wanda ya rubuta aiki guda na START da ke jiran 0x08 kaɗai zai ga karatu yana faɗuwa kullum a wuri ɗaya. Amfanin maimaita START shi ne ba ka saki layin ba tsakanin saita manuni da karatu, don haka in akwai wani shugaba a layin, ba zai kutso ya sauya maka manuni ba.

Yanzu alkibla ta juya. Na'urar ke aikowa, kai ke amsawa.

```c
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEA) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x50) goto kuskure;
sakan = TWDR;

TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEA) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x50) goto kuskure;
minti = TWDR;

TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWEN);
if (twi_jira() != 0x58) goto kuskure;
awa = TWDR;
```

Abin lura shi ne shawarar ACK ana yanke ta ne kafin bayit ya iso, a cikin umarnin da ya harba karɓar. Bayit na ƙarshe ba a yi masa ACK, kuma wannan ba ladabi ba ne kawai. ACK a wurin mabiyi na nufin "ƙaro". In ka amsa wa na ƙarshe, nan take zai ɗora bit na farko na bayit na gaba a kan SDA. In bit ɗin 0 ne, ya danne layin ke nan, kai kuma STOP ɗinka yana buƙatar SDA ya tashi sama alhali SCL yana sama. Ba zai tashi ba. Mugun abin shi ne in bit ɗin 1 ne, komai zai wuce lafiya, sai matsalar ta zama mai zuwa tana tafiya gwargwadon abin da ke cikin rajistar da ba ka ma nema ba.

In ka buga sakan ɗin ka ga ya tsallaka daga 9 zuwa 16, har ya kai 89 kafin ya koma sifili, layinka lafiya yake. DS3231 da tsarin BCD yake ajiye lokaci, kowane rabin bayit lamba ɗaya, 0x59 na nufin 59. Sai ka warware shi da `(b >> 4) * 10 + (b & 0x0F)`. A bayit ɗin awa, bit na 6 ke bambanta tsarin awa 12 da na 24, don haka a tsarin 24 ka fara rufe shi da 0x3F.

Mataki na shida: STOP

```c
TWCR = (1 << TWINT) | (1 << TWSTO) | (1 << TWEN);
```

Kada ka kira `twi_jira` a nan. Bayan STOP, TWINT ba ta tashi. Alamar gamawa ita ce TWSTO ya koma 0 da kansa, shi za ka jira, shi ma da iyaka, kafin ka fara wani START. Kuma reshen `kuskure` ɗin can dole ya bi ta STOP, in ba haka ba ka bar layin a hannunka ka tafi.

Idan lambar ba ita ake jira ba

Ka sa reshen kuskure ya ajiye abu biyu, matakin da aka tsaya da lambar da aka samu, ya buga su ta UART, hanyar da allon ke aika rubutu zuwa kwamfuta. "Ya ƙi aiki" ba ya kai ka ko'ina, amma "mataki na biyu, 0x20" ya kusa faɗa maka wayar da za ka taɓa.

0x20 da 0x48 duk rashin amsa ne ga adireshi, na farko wajen rubutu, na biyu wajen karatu. Ba kullum suke nufin ɓarna ba. Ma'ajiyar 24LC256, bayan ka rubuta mata ka yi STOP, takan rufe ƙofa har milisakan 5 tana ƙona bayanan a ciki, kuma a wannan tsakanin ba ta amsa adireshinta. Maimakon ka sa jinkiri na makanta, yi ta ƙwanƙwasa mata: START, adireshi, in 0x20 ne ka sake, har 0x18 ya fito. 0x30 kuwa na'urar ta amsa sunanta amma ta ƙi bayit ɗin, sai ka duba ko rajistar da ka nema akwai ta. 0x38 na cewa ka saki SDA ya tashi amma ka tarar da shi ƙasa, wato wani shugaba ya rinjaye ka. In ka san kai kaɗai ne shugaba a layin, to hayaniyar lantarki ce, ko resisto masu rauni, ko wata na'ura da ta rikice. 0x00 kuskuren layi ne, START ko STOP ya faɗo a tsakiyar bayit. Hanyar fita ita ce rubuta TWSTO tare da TWINT, lambar nan dai 0x94. A wannan halin ba STOP ke fita a waya ba, sashen ne kawai ke sakin ƙafafun ya koma zaman jira.

Akwai wanda ya fi su ban haushi. Kana tsakiyar karatu, ka danna maɓallin sake tayar da allo, ko ka ɗora sabon shiri. ATmega ya farka ya manta komai. Mabiyin kuwa wutarsa ba ta ɗauke ba, yana nan a tsakiyar bayit, ya danne SDA yana jiran bugun agogon da ba zai zo ba. Sashen TWI ya ga layin ba a sake yake ba, ya ƙi fitar da START, `twi_jira` ya dawo da 0xF8. A mita za ka ga SCL sama, SDA ƙasa, akasin abin da muka gani a farko. Cire wuta gaba ɗaya yana warware shi, abin da ke sa mutane su ce na'urar "tana da aljanu". Ƙa'idar I2C ta tanadi magani: shugaba ya buga agogo sau tara, mabiyin ya ƙarasa bayit ɗinsa, ya ga ba a amsa ba, ya saki.

```c
void twi_kwance(void) {
    TWCR = 0;                               // karɓo ƙafafun daga TWI
    PORTC &= ~((1 << PC4) | (1 << PC5));
    DDRC  &= ~((1 << PC4) | (1 << PC5));
    for (uint8_t i = 0; i < 9; i++) {
        DDRC |=  (1 << PC5); _delay_us(5);  // ja SCL ƙasa
        DDRC &= ~(1 << PC5); _delay_us(5);  // sake shi
    }
    DDRC |=  (1 << PC5); _delay_us(5);
    DDRC |=  (1 << PC4); _delay_us(5);
    DDRC &= ~(1 << PC5); _delay_us(5);
    DDRC &= ~(1 << PC4); _delay_us(5);      // STOP da hannu
}
```

DDRC muke juyawa, ba PORTC ba, don mu kwaikwayi ɗabi'ar layin: ja ƙasa ko saki, ban da tura wuta. In ka tura bolt 5 a wayar da wani ya danne ƙasa, ka haɗa su faɗa ke nan, ƙafa ɗaya na iya ƙonewa. Ni nakan kira wannan aikin a farkon shiri duk lokacin da na tarar SDA a ƙasa, sannan in kira `twi_shirya`.

Komawa ga katsewa

Jiran tuta yana cin lokacin cif. In shirinka yana da wasu ayyuka, sai ka ƙara TWIE a kowane rubutu na TWCR, ka buɗe katsewa da `sei()`, ka rubuta `ISR(TWI_vect)` mai `switch` a kan `TWSR & 0xF8`. Lambobin halin nan su za su zama rassan: 0x08 aika adireshi, 0x18 aika bayit na farko, 0x50 ɗauki bayit ka yanke shawarar ACK na gaba. Fayil ɗin `util/twi.h` ya ba su sunaye, irin su `TW_START` da `TW_MT_SLA_ACK`, in ba ka son lambobi tsirara.

Yawancin tutocin AVR, wato dangin cif da ATmega328P ke ciki, suna sauka da kansu da zarar an shiga aikin katsewa. TWINT ba ta cikinsu. In wani reshe ya fita bai rubuta TWCR ba, katsewar za ta sake faɗowa nan take, kuma tunda AVR umarni ɗaya tak yake aiwatarwa a babban shiri tsakanin katsewa biyu, ba za ka ga daskarewa ba, za ka ga komai yana jan ciki kamar an ɗaura masa dutse. Ka sa reshen `default` da ke fitar da STOP ya kuma kashe TWIE.

In ka koma wani sashe ko wani cif

Abin da za ka fara nema a takardar bayanan kowane sabon sashe shi ne yadda kowace tuta ke sauka, domin ko a cikin ATmega328P ɗin nan ba bakinsu ɗaya ba. A SPI, wani sashen sadarwa na cif ɗin, tutar SPIF tana sauka ne in ka karanta SPSR tana sama, sannan ka taɓa SPDR. A UART, RXC0 tana sauka da karanta UDR0 har ma'ajin karɓa ya zama fanko, TXC0 kuma ana iya sauke ta da rubuta 1. A wani cif mai suna STM32F103, sashen I2C yana da rajistocin hali biyu, SR1 da SR2. Tutar ADDR tana sauka da karanta SR1 sannan SR2, a jere, ita kuwa AF, wadda ke nuna rashin ACK, 0 ake rubuta mata. Takardun sukan sa ɗan harafi a ƙarƙashin kowane bit, a na STM32 za ka ga irin su rc_w0 da rc_w1, kuma waɗannan ƙananan haruffan sun fi dogon bayanin da ke ƙasansu amfani.

Tutocin da karatu ke saukewa suna da wata illa ta daban. In kana bin shiri mataki-mataki da manhajar gano kuskure, kuma ka buɗe tagar da ke nuna rajistocin I2C, manhajar tana karanta SR1 da SR2 duk lokacin da ka tsaya don ta nuna maka su. Karatun nan nata zai iya sauke ADDR, layin ya ci gaba, shirinka kuma ya zauna yana jiran tutar da ta riga ta wuce. Rufe tagar, ka kwafi ƙimar rajistar zuwa wani gurbi na RAM a cikin shirin kansa, shi za ka duba.